Lefena Ya Taho Cikin Motar Ƙaro

Assalamu alaikum masu bin labarina, har da ku da kuke karantawa a ɓoye sannan ku kai wa Goggo Kaltumi rahoto. Na ga saƙonninku. Masu cewa in yi haƙuri, na gode, ina da shi buhu-buhu a sito, mai so ya zo da mota. Ke kuma da kika tambaya ko har yanzu ina son Sharif, ki bari ki ji abin da ya faru ranar Alhamis tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Lauratu, 'yar Alhaji Dawuda mai ƙaro ta unguwar Hausare a Garwa, ƙasar Kamaru. Baba yana sayen ƙaro da riɗi a Cadi. Motocinmu su yi lodi a Kuseri, su biyo ta Mora da Marwa, su huta a harabarmu nan Garwa, su wuce Duwala inda jirgin ruwa yake jira. Ni ce na yi karatun harkar sufuri a Ngaundere, don haka ni aka ba ofis mai fanka ɗaya, da izinin magana idan maza sun gama tasu.

Akwai wata shaida da hukumar duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, take ba ɗan kasuwan da ta yarda da shi. Sunanta da Faransanci dogo ne, mu a gida takardar amana muke cewa. In kana da ita, motarka ba ta yin kwanaki a layi ana sauke buhu ana soka masa ƙarfe. A duba lamba, a ɗaga maka hannu, ka wuce. Mai sayen ƙaronmu a Turai ma ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, daga baɗi da masu takardar kawai zai riƙa hulɗa.

Sama da shekara biyu ina bin wannan takarda. Na sa aka yi wa haraba katanga, abokan hirar Baba suka ce na kore su. Na tashi masu shayi daga ƙofar sito, aka ce boko ya taɓa mini kai. Babban laifina kuwa shi ne hana sautu. Duk wanda ya tashi a gidan fatake ya san sautu: mota za ta tashi, maƙwabciya ta kawo ƙullin daddawa a kai wa 'yarta, wani ya kawo keken ɗinki, wani ɗan akuya. Tun zamanin kakana ba a taɓa ce wa kowa a'a ba, sai da aka haife ni. Akwai tsohuwar da har yau in na gaishe ta, bangon bayana take amsa wa.

Dalilin hanin ɗaya ne. In an gama lodi a Kuseri, duwan suna ɗaure ƙofar kwantena da wata igiyar ƙarfe mai lamba, direbobi suna ce mata pulom. Ba mai yanke ta sai ma'aikacin duwan a Duwala. Amanar gaba ɗaya a jikin wannan 'yar igiyar take rataye.

Masu bincike sun zo sun gama nasu, jiran amsa kawai muke. Shugabarsu Madam Odette ce, wata gajeriyar mata 'yar kudu mai tabarau, wadda ko ruwan gidanmu sai da ta yi tunani kafin ta sha. Ranar da za su tafi ta ce mini, "Madamazel, ba kamfanin da ba ya kuskure muke nema ba. Wanda in ya yi kuskure shi zai fara kiranmu, shi muke nema."

Sai Sharif. Ɗan Kuseri ne, gidansu dillancin wayoyi da kayan lantarki suke yi. Dogo, ga shadda kullum kamar yanzu aka buge ta, ga turaren da yake riga shi shiga falo. Ba wanda ya tilasta mini shi, kada ku ɗora wa iyayena. Ni na ga abina na ce ina so. A duk samarin da suka taɓa zama a kan kujerar falonmu, shi kaɗai ya taɓa tambayata aikina. Yaushe takardar za ta fito? In ta fito, da gaske ba a buɗe motarku? Ko a Mora ma? Ni kuwa in gyara zama in yi ta bayani, zuciyata na cewa ga namijin da yake girmama ilimin mace.

Ku yi dariya, na ba ku izini.

Ranar Alhamis na tashi na tarar gidanmu ya cika da ƙamshin suya. Dada, mahaifiyata, tana tsakar gida da zani ɗaurin ƙirji, ana tuyar dubulan da cincin, an jera robobin zoɓo a cikin ƙanƙara. An fito da kafet ɗin nan ja da ba a shimfiɗawa sai da dalili.

"Dada, suna ake yi?"

"Lefenki zai iso yau. Ki je ki sa atamfar nan shuɗiya, ki daina yawo da wannan rigar kamar ma'aikaciyar asibiti."

"Ba sai wani mako ba? Da wace mota?"

"Allah ya kawo hanya," ta ce, ta mayar da ido kan kaskon suya. Dada ba ta iya ƙarya ba, abin da ta iya shi ne kallon kasko.

Wayata ta yi ƙara. Sharif ne, da hoton fure guda uku.

"Madam Darakta, kayanki sun shigo Garwa. Ko ƙura ba ta taɓa su ba. Ki tanadi godiya."

Ina cikin murmushi kamar wata sakarai sai ga kiran Malum, tsohon direbanmu, wanda tun ina goye yake jan motar Baba.

"Hajiya ƙarama, ki zo haraba. Ki zo ke kaɗai."

Na hau babur ɗan haya ko mayafi ban daidaita ba. Rana ta riga ta fara dukan Garwa irin dukan da ta saba. Motar tana tsaye a ƙarƙashin dalbejiya, Malum yana tsugune a inuwarta ya cire hula. Da haɓa ya nuna mini ƙofar kwantenar.

An yanke pulom. An haɗa bakinsa da wayar ɗaure kaya, an naɗe da baƙin salatif, wai kada a gane. Yaro ɗan firamare zai gane daga tsallaken titi.

"Baba Malum, mene ne wannan?"

"Lefenki ne a ciki."

"A cikin ƙaro?"

"A kan ƙaro. An shimfiɗa musu bargo."

Wallahi bargon nan ya fi komai ƙona mini rai. An lalata aikin shekara biyu, amma an tuna da bargo.

Ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Bayan duwan sun ɗaure mota, aka kira shi gidan Hadje Achta, mahaifiyar Sharif. Ya ce a ɗora akwatunan a saman kan motar a rufe da tampol. Hadje ta ce lefen ɗanta ba zai yi tafiya a fili ba, kowane mai bakin tsiya daga Kuseri zuwa Garwa yana kallo yana ƙirgawa, haka ake yi wa aure baki tun bai ɗauru ba. Ya ce gaban mota ba zai ɗauka ba. Ta ce to a buɗe baya. Ya ce Hajiya ƙarama ta hana. Sai aka miƙo masa waya, ya ji muryar Alhaji.

"Wa ya yanke?"

"Angon. Da almakashin ƙarfe a but ɗin motarsa. Ya ma manta shi a wajena."

Na tsaya ina tunanin irin mutumin da yake zuwa gidan uwarsa shirya lefe da almakashin ƙarfe a but.

Na sami Baba a falonsa, ya kishingiɗa yana jin rediyo, ga shayi a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, don fushi bai taɓa hana ni durƙusawa ba.

"Baba, na fito daga haraba."

"Madalla. Kaya sun iso lafiya?"

"An yanke pulom, Baba."

"Na sani." Ya rage muryar rediyo. "Surukata ta roƙe ni da bakinta, Lauratu. In ce mata me? In ce wata igiya ta hana ni ɗauko kayan 'yata a cikin motata?"

"Da ka ce mata ni na hana. Ai kowa ya saba."

"Tun kafin a haifi wannan Madam ɗin taku nake fatauci. Daga nan har Njamena, in aka ce Dawuda ya ce, an gama. Bakina shi ne takardata."

"Mutumin Turai bai san bakinka ba, Baba. Lambar igiyar ya sani."

Ya dube ni ta saman tabarau. A gidanmu wannan kallon yana nufin an rufe zance, amma ban tashi ba.

"A sauke akwatunan yanzu, shiru," ya ce. "Sauran kuma, yaron nan ya ce ya san yadda za a yi."

Ya sani kuwa. Kafin in fita daga falon saƙon muryar Sharif ya shigo, a natse, da wannan muryar da take sa ni mantuwa da.

"Habibti, kada ki ɗaga hankalinki kan ƙaramin abu. A sa Malum ya ce 'yan fashi ne suka tare shi a hanyar Mora, suka yanke, suka ga ƙaro ne suka bar shi. Wa zai musa? Kowa ya san hanyar. Kalas, magana ta mutu."

Na sake saurara don in tabbata kunnena ne. A kan wannan hanyar aka harbe ƙanin Malum yana jan motar wani, ba a yi shekaru da yawa ba. Har yau in Malum ya zo wurin ba ya magana sai ya wuce. Shi ne za a sa ya tsaya gaban hukuma ya ari wannan hanyar ya yi ƙarya da ita, don Hadje Achta tana tsoron baki.

A tsakar gida na tarar Goggo Kaltumi, yayar Baba, ta iso. Leshi ruwan goro, ɗaurin kallabi ya kusa taɓa rufin rumfa, a hannunta ga tarin makullan akwatuna da Hadje ta aiko mata musamman, kowanne da zare mai launin akwatinsa. Ba a taɓa buɗe lefe a danginmu ba da hannunta ba.

"An ce kina kumbure-kumbure," ta ce. "Me za ki yi?"

"Zan kira duwan, Goggo. In mu muka faɗa, da sauran dama. In su suka gano a Duwala, takarda ta tafi."

"In kin kira su sai su yi me?"

"Su buɗe duk abin da ke cikin motar su gani."

Dada ta ajiye matsami. Matan da ke murza cincin suka tsaya.

"Lefe mata ke buɗewa," in ji Goggo, a hankali, kamar tana koya wa kurma karatu. "Dangin uba da dangin uwa. Ke kanki ba ki da hurumin zama a wurin. Shi ne za ki kira mana ƙato da kaki ya zura hannu cikin kayan cikinki yana ɗagawa sama? Kin san abin da mutanen Kuseri za su ce? Cewa za su yi mun mayar musu da kayansu. Aure ya mutu ke nan, 'yar boko."

"Lauratu, ki rufa mana asiri," Dada ta ce. "Takarda ana sake nema."

"Miji fa, Dada? Shi ba a sake nema?"

"A shekarunki?" in ji Goggo.

Na shiga ɗakina na murza makulli. Atamfar shuɗiya tana shimfiɗe a kan gado, Dada ta sa an goge ta, har da sarƙar da za ta dace. Ba zan yi muku ƙarya ba, na zauna kusa da ita na ɗan jima. Ina son mutumin nan. Na riga na zaɓi labulen ɗakinmu a raina. Sannan na tuna baƙin salatif, na danna lambar Madam Odette.

Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba.

"Kada kowa ya taɓa motar. Ki turo mini hoton ƙofar yanzu. Ban yi miki alkawarin komai ba, Madamazel."

"Na sani, Madam. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kayan aure ne, a al'adarmu maza ba sa buɗewa. Ki zo da kanki, da mata."



"Tunda na fara aiki ba a taɓa gayyata ta biki ta wannan hanyar ba," ta ce. "Muna zuwa bayan azahar."

Labari ya riga ni fita daga ɗaki. Kafin in ɗaura kallabi Hadje Achta ta aiko da saƙon murya mai tsawo, rabi Hausa rabi Larabci. Abin da na tsinta a ciki shi ne, ita ba ta taɓa ganin amaryar da ta kai ƙarar lefenta ba, kuma ɗanta ba a rasa masa mata ba daga Kuseri har Abeshe. Sharif kuwa kira yake ba ƙaƙƙautawa. Ban ɗauka ba.

Haka aka buɗe lefena a harabar manyan motoci, tsakanin tsohuwar taya da durom ɗin gas. Goggo ta rantse ba za ta zo ba, sannan ta riga kowa zuwa, don ba za ta bar wata bare ta taɓa makulli ba. Aka shimfiɗa jan kafet a ƙarƙashin dalbejiya. Gwaggonni da innoni suka zauna fuska a murtuke kamar zaman makoki. Madam Odette ta zo da ma'aikata mata biyu, suka ɗauki hoton pulom, suka sa safar hannu. Maza aka kora bakin ƙofa. Can na hango Baba a tsaye, hannu a baya, Malum a gefensa. Ni kuma da ba ni da hurumin zama, na tsaya a matsayin kamfani.

Goggo ta buɗe akwati ta farko ba guɗa. Laffaya ce cike, irin ta Kuseri mai laushi kamar ruwa. Ta buɗe ta biyu, lesuka. Ta daure, ta daure, sannan ta murza bakin wani tsakanin yatsu.

"Wannan dai ba na banza ba ne," ta faɗa wa Dada ƙasa-ƙasa.

Kafin a kai ga akwatin turare, humra da turaren wuta sun danne warin gas, zaman makoki ya fara lalacewa. Wata inna ta ce a ɗaga takalmin nan ta gani. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ta tambayi inda ake samun irin wannan mayafin. Da aka zo kan kayan ciki, Madam Odette da kanta ta juya baya ta tare da jikinta, ta leƙa sau ɗaya ta ce a rufe. Goggo ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe kina da tarbiyya," ta ce da Hausa. Na fassara mata da cewa Goggo tana godiya.

Har na fara jin sanyi a raina. Na ce wataƙila wauta ce kawai irin ta mutanenmu, son a burge da tsoron baki. Wataƙila in huce, in kira shi, mu yi faɗa mu shirya.

Sai ma'aikatan suka jawo ta ƙarshe daga can cikin buhuna. Baƙa ce, ta ƙarfe, da ƙaton kwaɗo, su biyu da ƙyar suka sauke ta. Ba ta yi kama da 'yan uwanta ba ko kaɗan. Goggo ta juya makullan hannunta ɗaya bayan ɗaya. Ja, kore, ruwan hoda, ruwan zuma. Ba baƙin zare.

"Hadje ta manta ɗaya," in ji Dada, muryarta ba ƙarfi.

Wayata ta girgiza a hannuna, saƙon Sharif ne.

"Baƙar ba taki ba ce. Wani Boris zai zo ya ɗauka da yamma. Ki ce kayan gyaran direba ne. In kina sona kada a buɗe."

Ban gama karantawa ba wani ya biyo.

"To meye amfanin takardar in za a riƙa buɗe mana kaya?"

Mana. Ko sadaki bai biya ba, takardar ma ba ta fito ba, har ya fara cin gadonta. Duk tambayoyin nan na falo suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da yadda nake gyara zama ina amsawa.

Madam Odette ta matso kusa da ni.

"Ta wace ce wannan?"

"Ba tawa ba ce, Madam. Ban san abin da ke ciki ba."

"Ke kika fara kira, wannan na riga na shaida," ta ce. "Amma mai mota ne zai buɗe, a gabana."

Na taka har bakin ƙofa, duk matan suna bina da ido. Na durƙusa a gaban Baba a kan tsakuwa mai zafi, na karanta masa saƙon biyu da ƙarfi yadda Malum ma zai ji. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ɗaga kai ya dubi motar. A jikin ƙofarta, da manyan haruffa shuɗaye da shi da kansa ya zaɓi launinsu, an rubuta sunansa da na kakana. Ya daɗe yana kallo.

"Malum."

"Na'am, Alhaji."

"Almakashin da yaron nan ya manta a wajenka. Kawo."

Tunda nake ban taɓa ganin namiji ya taka kafet ɗin lefe ba. Baba ya cire takalmi ya taka. Innoni suka ja mayafi suna matsawa. Goggo Kaltumi ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar ƙaninta, ta mayar da makullanta cikin jaka ta ja zif.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a hannuna, sunan da na sa masa yana haske da ɗan jan furensa. Na kife ta a kan akwatin laffaya na bar ta tana kuka.

Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya saita bakin almakashin a wuyan kwaɗon, sannan ya juyo ya dube ni. Ba ta saman tabarau ba.

"Hajiya ƙarama," ya ce, sunan da bai taɓa kirana da shi ba, "riƙe mini hular nan."